Tinariwen: Turawa ne suka canja musu kiɗa, ko zamani ne?

Abba_Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana a kan Tinariwen, makaɗan jitar nan Abzinawa na arewacin Mali, kuma na san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. A ganina kiɗansu na gaskiya ya tsaya ne a faifan Aman Iman na 2007. Duk abin da ya biyo baya kunnen Bature aka yi wa. Ku saurari Amatssou na 2023 ku ji yadda aka cusa banjo da goge irin na kaboyi a ciki. Me ya haɗa mutumin Kidal da kiɗan kaboyi? Ƙungiyar da ta kafu tun 1979, ta sha gudun hijira, ta sha yaƙi, yau ita ce ba ta iya fitar da faifai sai ta jera baƙi daga Amurka. Ci gaba ne wannan ko sayar da kai? Masana ku fito.

Zee_BUK: Wa alaikumus salam. Yaya Abba, su wane ne kuma waɗannan? Ni ban taɓa jin sunan ba.

Mai_Turi_FarmCentre: @Zee_BUK kin taɓa jin kiɗansu, sunan ne ba ki sani ba. In kin taɓa wucewa ta gaban Buzu mai gadi da daddare yana dafa shayi, wayarsa na gefe tana fitar da jita da tafi, to ko su ne, ko waɗanda suka koya a wajensu. Mu a shago ba mai zuwa ya ce Tinariwen. Cewa ake yi a tura min jitar Buzaye. Folda guda ce, kowa da kowa yana ciki, rabin waƙoƙin ma ba suna sai lamba.

Dan_Agadasawa: Abba ƙanina, ka zo da ƙarfinka, amma ka taka sawun da zai kayar da kai. Ka tambayi me ya haɗa mutumin Kidal da kaboyi. To ai kaboyi ne mafarin labarin. Ibrahim Ag Alhabib, wanda ya kafa ƙungiyar, yana ɗan shekara huɗu sojojin Mali suka kashe mahaifinsa a tawayen 1963. A kudancin Aljeriya ya tashi yana ɗan gudun hijira. Can ya ga fim ɗin kaboyi, wani a ciki yana kaɗa jita, shi ne ya je ya haɗa tasa da galan da sanda da waya. Ka ga banjon da kake ƙorafi a kai, in ma laifi ne, tsohon laifi ne.

Na biyu kuma, Aman Iman ɗin da ka ɗauka shi ne tsantsa, wa ya yi aikinsa? Justin Adams, Baturen Ingila, makaɗin jitar da ya daɗe yana aiki da Robert Plant, mawaƙin ƙungiyar Led Zeppelin. A Bamako aka naɗe shi. Da hannunsa kuma a faifansu na farko da ya shiga kasuwar duniya a 2001. In hannun Bature ne ke ɓata kiɗa, to wanda ka fi so ma ɓatacce ne.

Abba_Fagge: Yaya, akwai bambanci tsakanin Baturen da ya zauna bayan na'ura yana naɗa da Baturen da ya ɗauki kayan kiɗansa ya shigo tsakiyar waƙa. Na farko marubuci ne, na biyu ya sa baki a zancen.

Nura_Rok: Ni matsalata ma daban ce. Me ya sa ake kiransu ƙungiyar rok? Ina mai gangunan nan na zaune? Ina ihun jita? Rok shi ne Rolling Stones, shi ne Led Zeppelin, shi ne Scorpions. Waɗannan kiɗan gargajiya suke yi da jitar lantarki, shi ke nan.

Sadiq_ZooRoad: Nura, bari in shigo a nan tunda haɗa sauti abincina ne. Gaskiya ne ginin waƙarsu ba irin na Turawa ba ne. Bature yana yawo tsakanin sautuka uku ko huɗu, ya hau, ya sauka, ya dawo amshi. Su kuwa sai su kafa waƙa a kan sauti ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Babban yatsa yana dukan tsirkiya mai kauri ba ya tsayawa, sauran yatsun suna zagaye a sama suna bin muryar mai waƙa. Jagora ya bayar, 'yan amshi su karɓa, ga tafi, ga ƙwarya, wani lokaci guɗa ta ratsa. Shi ya sa kunnen Bahaushe ba ya jin baƙunta a ciki. Duk wanda ya tashi da gurmin Haruna Uji ko kuntigin Ɗan Maraya ya san wannan zaman.

Amma kada ka ce ba ruwansu da rok. A Tamanrasset ta Aljeriya da Libiya sun saurari kaset ɗin Jimi Hendrix da Santana da Dire Straits da Bob Marley, haɗe da mawaƙan Maroko irin su Nass El Ghiwane da kiɗan rai na Aljeriya. Ka kasa kunne ga yadda jitar gaba take fita fes ba tare da an cika mata ƙara ba, za ka ji ƙanshin Dire Straits. Kuma Rolling Stones ɗin da ka ambata, su da kansu suka sa Tinariwen suka buɗe musu fage a Slane, ƙasar Ailan, a 2007. Santana kuma ya hau dandamali tare da su a Montreux, ƙasar Suwizalan, a 2006.

Nura_Rok: Buɗe fage ba ya mai da mutum ɗan gida. Amma na ji maganar Dire Straits, wannan kam akwai ta.

Baba_Lawan_Gwammaja: Yara, ku da kuka san su ta YouTube kuna musu a kan faifai. Mu ta kaset muka san su, kuma ba mu san ma wata ƙungiya ce mai suna ba. Ina da maƙwabci Buzu a shekarun da nake sayar da yadi a Kwari, shi yake zuwa da kaset daga Agadas, ba hoto ba rubutu, an kwafa daga wani an kwafa daga wani har sauti ya dushe. Kana jin tari a ciki, kana jin ƙarar kofin shayi, wani ya yi magana a yi dariya sannan jita ta ci gaba. In zaren ya sarƙe sai mu zaro shi mu naɗe da biro. Ranar da ɗana ya kunna min na zamani a mota, na ce masa waɗannan ai sun yi wanka. Daɗi kam akwai daɗi, amma ni wancan mai ƙurar nake nema.

Abba_Fagge: Allah ya ƙara girma Baba. Abin da nake faɗa ke nan.

Dan_Agadasawa: A'a Abba, ba abin da kake faɗa ba ke nan. Baba yana maganar kaset ɗin shekarun 1980, kai kana maganar faifan situdiyo na 2007. Tsakaninsu akwai shekara ashirin da ɗoriya.

Kuma a san dalilin ƙurar nan da Baba yake so. Ba ado ba ne, rashi ne. A 1980 Gaddafi ya yi kira ga samarin Abzinawa da ke zube a Libiya ba aikin yi su zo a ba su horon soja. Ibrahim da abokansa suka shiga. A sansanonin nan ne ƙungiyar ta ƙara mutane, kuma a nan waƙoƙin suka koma saƙo: halin da jama'arsu ke ciki, fari, gudun hijira, kewar gida, kiran a farka. Duk wanda ya kawo musu kaset fanko sai su cika masa kyauta, ya tafi da shi, wani ya kwafa. Ba kasuwa suke ci ba a lokacin. A 1990 da tawaye ya ɓarke a Mali wasunsu sun ɗauki bindiga. Bayan yarjejeniyar Tamanrasset ta Janairun 1991 suka ajiye ta suka riƙe jita kaɗai. To mutumin da ya fito daga wannan, ka ce masa ya ci gaba da naɗar waƙa a rikoda mai batir don kai a Fagge ka ji daɗin ƙura?

Maman_Ilham: Ni duk maganar banjo ba ta dame ni ba. Abin da na lura da shi, kuma ba wanda ya ambata, shi ne mata. Tushen kiɗan nan ai na mata ne. Tinde, gangar da suke haɗawa da turmi da fatar akuya, mata ke kaɗa ta suna waƙa maza suna zagaye da raƙuma. Abin da jitar take kwaikwayo ke nan. A Amassakoul na 2004 da Aman Iman, muryoyin mata suna nan a amshi, ga guɗa, su ne suke ɗaga waƙar. Da tafiya ta yi tafiya, in ka kalli bidiyon wasanninsu a Turai, maza ne zalla a jere da rawuna. Wannan ne canjin da ya fi yi min ciwo, kuma ba Bature ne ya kawo shi da banjo ba.

Sadiq_ZooRoad: Anti, wannan magana ce. Amma a Amadjar na 2019 sun gayyato Noura Mint Seymali ta Muritaniya, ta yi waƙa ta kuma kaɗa ardin, kayan kiɗan matan can mai tsirkiya da yawa.

Maman_Ilham: Baƙuwa ce Sadiq. Ni 'yar gida nake magana. In kuna son jin mata da jita da tinde ku nemi Les Filles de Illighadad na Nijar. Fatou Seidi Ghali ce ke riƙe da jitar.

Ustaz_Kurna: Jama'a mu ji tsoron Allah. Tun ɗazu ana ta zuba a kan kayan kiɗa kamar wani ilimi. Da lokacin nan karatu aka yi da shi da ya fi.

Admin_Zaure: Malam, mun gode da nasiha, Allah ya saka. Sai dai zauren nan na kiɗa da adabi ne, kuma mun yi muhawarar halacci da haramci a baya har ta kai mu ga cire mutane. Kada a sake buɗe ta a ƙarƙashin wannan zaren. A ci gaba.

Malama_Tarihi: Ba don in saɓa wa Admin ba, amma batun hana kiɗa yana cikin tarihin ƙungiyar nan, kuma shi ne amsar rabin tambayar Abba. A 2012 da arewacin Mali ya faɗa hannun masu ɗauke da makamai, an haramta kiɗa a Kidal da Gao da Tumbutu. Shugaban ɗaya daga cikin ƙungiyoyinsu a lokacin, Ansar Dine, wato Iyad Ag Ghali, yana cikin jagororin tawayen 1990 ɗin nan da wasu 'yan ƙungiyar suka yi yaƙi a ciki. Wato mutumin da suka sani ne. A farkon 2013 mutanensa suka kama ɗaya daga cikin makaɗan, Abdallah Ag Lamida, daga baya aka sake shi.

To ku duba inda aka naɗi faifansu ɗaya bayan ɗaya. Imidiwan na 2009 a Tessalit, gida. Tassili na 2011 a hamadar kudancin Aljeriya kusa da Janet, saboda tun lokacin tsaro ya fara lalacewa a arewacin Mali. Emmaar na 2014 a Joshua Tree, hamadar Kaliforniya. Elwan na 2017 wani sashe a can Amurka, wani a kudancin Maroko. Amadjar a Muritaniya. Amatssou suka sake komawa Janet. Wannan ba jerin mutanen da ke bin Turawa ba ne, jerin mutanen da gida ya gagara ne. In kana naɗar faifai a Kaliforniya, wa zai leƙo situdiyo? Makaɗan Kaliforniya mana.

Abba_Fagge: Malama na yarda da tarihin, amma Tassili ya riga 2012, kuma cike yake da baƙi. Har da masu busa ƙaho daga New Orleans. Kuma shi ne ya ci Grammy. Kina ganin haɗuwa ce kawai? Kamfani ya san abin da alƙalan Amurka ke so.

Sadiq_ZooRoad: Abba, Tassili ɗin da kake zargi shi ne faifan da suka ajiye jitar lantarki suka koma jitar katako da ƙwarya da tafi, a cikin tanti, a tsakiyar duwatsu. In neman kasuwa ne ai ƙara ƙara za su yi, ba ragewa ba. Kuma cikin baƙin akwai Tunde Adebimpe na ƙungiyar TV on the Radio, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne. Shi ma Bature ne?

Abba_Fagge: Da Turanci ya yi waƙar ko da Yarabanci?

Sadiq_ZooRoad: Kai Abba, ba ka da dama.

Zee_BUK: Na je na saurara. Wallahi na san kiɗan nan, mai gadin layinmu ne yake kunnawa. Amma gaskiya ni duk waƙoƙin iri ɗaya nake jin su. Ku da kuke cewa sun canja, ina canjin yake?

Direban_Agadas: 'Yata, a ɗaki kika saurara shi ya sa. Kiɗan nan na hanya ne. Ki bari mota ta wuce Damagaram ta wuce Tanut, gari ya ƙare, ba bishiya ba gida, inji yana gurnani a giya ɗaya, sannan a kunna. A nan za ki gane me ya sa ba sa gaggawa. Yaran motata Abzinawa ne biyu, in aka sa tsofaffin waƙoƙin shiru suke yi, wani lokaci ɗaya ya ja rawani ya rufe fuska. In aka sa sababbin kuwa hira suke ci gaba da yi. Ban san me ake faɗa a ciki ba, amma wannan na gani da idona.

Sai dai in gaya muku, a Agadas yanzu ba Tinariwen samari ke rawa da shi a biki ba. Ana girmama su kamar iyaye, amma kiɗan biki ya fi nasu sauri nesa ba kusa ba, da ganguna irin na Turawa, jita tana kuka. Su Bombino da Mdou Moctar daga wannan layin suka fito.

Mai_Turi_FarmCentre: Tunda an ambaci Mdou Moctar, ga abin da zai ba Abba haushi. Faifansa na farko a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da na'urar lanƙwasa murya da gangar inji, sak irin waƙoƙin fim ɗinmu na lokacin. Ta memori da Bluetooth waƙoƙin suka bazu a Nijar da Mali, har wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙin waya ya tsinci ɗaya ya fitar da ita waje. To shi wa ya ɓata shi, mu Hausawa?

Nura_Rok: Yauwa, Mdou Moctar kam ɗan rok ne, ba musu. Bahago ne kamar Hendrix, kuma in ya saki jita sai ka riƙe kunne. Shi nake so a kira rok, ba dattawan nan ba.

Dan_Agadasawa: Nura, dattawan nan su suka share hanyar da yake gudu a kai. A ɓangaren Nijar kuma akwai marigayi Abdallah Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ma tun zamanin kaset yake.

Amma bari in dawo kan Abba da hujja ta ƙarshe. A 2022 an sake fitar da wani kaset nasu da aka naɗa a Abijan a 1991, mai suna Kel Tinariwen. Ka je ka saurara. Fiyano ne da gangar inji a ciki, kamar kiɗan disko na Larabawa. Shekara goma ke nan kafin duniya ta san da su, ba Grammy, ba kamfanin Amurka. Ranar farko da suka samu situdiyo na gaske, abin da suka yi ke nan. To wane tsantsa ne aka ɓata? Ni a fahimtata ma, hoton nan na mutanen hamada da jita da rawani ba wani ƙari, shi ne abin da kasuwar Turai ta fi so a 2001. Ka ga wataƙila faifan da kake kira na gaskiya shi ne wanda aka fi yi wa kunnen Bature.

Abba_Fagge: Tabɗi. Wannan kuma juya zance ne Yaya. Zan nemi kaset ɗin in ji da kunnena kafin in ce komai. Amma ko da haka ne, su suka zaɓi fiyanon da hannunsu, ba wani aka ɗauko daga Nashville ta Amurka ya kaɗa musu ba.

Baba_Lawan_Gwammaja: Ni tambayata daban. Mutanen da suka fara a 1979, nawa ne suka rage? In duk an canja, da wane dalili ake kiransu da sunan?

Malama_Tarihi: Baba, Ibrahim yana nan, Alhassane Ag Touhami yana nan, su ne na farkon. Abdallah Ag Alhousseyni ya shigo a shekarun Libiya. Inteyeden, wanda suka fara tare da Ibrahim, ya rasu a 1994. Mohammed Ag Itlale da ake wa laƙabi da Japonais, wanda da yawa ke ɗauka babban mawaƙinsu ta fuskar baiti, ya rasu a 2021. Kedou da Diara sun fita sun koma wata ƙungiyar, Terakaft. Masu riƙe da bes da ƙwarya yanzu, Eyadou Ag Leche da Said Ag Ayad, yara ne a lokacin tawaye, da kaset ɗin ƙungiyar suka girma kafin su shige ta. Dama can ba ƙungiya ce mai ƙayyadaddun mutane ba. Wanda yake kusa ya ɗauki jita, wanda dabbobinsa ko iyalinsa suka riƙe shi ya zauna. Ibrahim kansa akwai lokacin da ya bar su suka yi ta yawon duniya ba shi, ya zauna gida saboda halin da ake ciki.

Baba_Lawan_Gwammaja: To a nan muka bambanta da su. Mu a wajenmu sunan mutum ɗaya ne, sauran 'yan amshi ne da makaɗa. Shata ya rasu a 1999, kalangai ba su ƙare ba, makaɗa ba su ƙare ba, amma ba wanda zai tara su ya ce ga Shata. Gidan Ɗanƙwairo ne ma 'ya'ya suka riƙe abin, shi ma kowa ya san wane ne wane. Su kuwa waɗannan jagora ya zauna a gida, a je a cika fili da sunansa. Ni abin yana ɗaure min kai.

Nura_Rok: Baba haka tsarin yake a can. Rolling Stones tun 1962 suke. Brian Jones da ya kafa ta ya mutu a 1969, Bill Wyman ya fita a 1993, Charlie Watts mai ganga ya mutu a 2021, amma a 2023 suka fitar da sabon faifai. Su ma an zage su a 1978 da suka shiga disko, aka ce sun sayar da kai. Yau waƙar diskon nan tana cikin waɗanda ake roƙo a wasa. Duk ƙungiyar da ta daɗe sai an samu Abbanta.

Abba_Fagge: Nura ɗazu ka ce ba 'yan rok ba ne, yanzu kuma kana auna su da Rolling Stones. Tsaya a waje ɗaya mana.

Sadiq_ZooRoad: @Zee_BUK tambayarki ta ɗazu ba a amsa ba, kuma ita ce tambayar. Ga yadda za ki ji canjin. Sa abin kunne, ki fara da The Radio Tisdas Sessions na 2001. A gidan rediyon Kidal aka naɗe shi, inda wuta ba ta samuwa sai 'yan awanni da dare, kin ga mu Kanawa ba sai an yi mana bayani ba. Sautin siriri ne, jita a bushe, kamar kina zaune a gefen tabarmarsu. Sai ki tsallaka Aman Iman. Nan bes ya yi kauri, jita uku ko huɗu suna saƙa a kan juna, an ware kowacce a nata gefen, tafi yana dukan kunne. Wannan shi ne faifan da aka yi don babban fili. Sai Emmaar, nan gudu ya ragu, sauti ya yi duhu, muryar Ibrahim ta koma ƙasa kamar mai magana da kansa. A Amatssou kuma Daniel Lanois, wanda ya yi wa ƙungiyar rok ta U2 aiki, ya shimfiɗa jitar nan ta kwance da ake goga wa ƙarfe, tana shawagi a bayan waƙa. Abin da bai taɓa motsi ba shi ne babban yatsan nan da amshin. Su kika ji kika ce iri ɗaya ne.

Ni a matsayina na mai haɗa sauti, inda zan ba Abba gaskiya guda ne: a wasu waƙoƙin Amatssou an ɗaga banjon sama fiye da kima, har yana gogayya da jitar gaba. Da ni ne a kan na'ura da na sauke shi kaɗan. Amma wannan matsalar haɗi ce, ba ta sayar da kai ba.

Maman_Ilham: Har yanzu dai ba wanda ya ba ni amsar inda matan suka tafi.

Dan_Agadasawa: Hajiya, amsar ba ta da daɗi. Yawon wata da watanni a ƙasashen waje, biza, aure, yara, ga gida ba lafiya. Namiji ya sa ƙafa ya tafi, mace a ce ta zauna. Ko a nan Kano mawaƙiya nawa muka sani da aure ya rufe muryarta?

Maman_Ilham: To a riƙa faɗar hakan in ana lissafin abin da ƙungiya ta rasa a hanya, ba banjo kaɗai ba.

Habu_Kwalli: Ni na fara ganinsu ne a talabijin, a bikin kiɗan buɗe gasar cin kofin duniya ta 2010 a Soweto. Muna gidan kallo ana jiran su Shakira, sai ga mutane da rawuna da manyan riguna. Wani a bayana ya ce kai, Buzaye sun je Afirka ta Kudu gadi. Aka yi ta dariya. Da suka fara kiɗa gidan ya yi tsit. Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu da muke maƙwabtaka da su, muna raina su a ƙofar gida, sai da Bature ya ba su kambu sannan muke muhawara a kansu da sunayen faifai.

Mai_Turi_FarmCentre: Habu ka faɗi gaskiya. Kuma har gobe wanda ke zuwa shagona neman jitar nan ba ɗan boko ba ne. Masu gadi ne, masu shayi, direbobi, 'yan Nijar masu sayar da rawani da zobba. 'Yan boko a waya suke saurara su zo nan su yi mana Turanci.

Abba_Fagge: Na saurari na Abijan ɗin. Fiyanon yana nan kamar yadda Yaya ya faɗa, har na yi dariya. Amma ku saurara da kyau, ko a cikin fiyanon nan muryoyin a gaba suke, kuma da zafi suke fita, kamar masu abin faɗa da ba zai jira gobe ba. Wannan zafin nake cewa ya tafi. Ku bar maganar banjo in ta dame ku.

Malama_Tarihi: Mutumin da ya haura sittin kake so ya yi waƙa da zafin ɗan talatin? A 1991 suna ganin gobe za a samu abin da aka fita nema. Yanzu sun ga yarjejeniya ta rushe ba sau ɗaya ba, sun ga Kidal ta sauya hannu, sun binne abokai. In muryar ta yi sanyi ai da dalili.

Abba_Fagge: Shata ya tsufa bai yi sanyi ba.

Baba_Lawan_Gwammaja: Kai yaro, Shata ba a kore shi daga Funtuwa ba.

Zee_BUK: Yaya Sadiq na bi jerin da ka ba ni. Emmaar ne ya fi kwanta min, wanda Yaya Abba ya ce na kunnen Bature ne. Akwai inda ake samun fassarar baitocin? Ina son in san me suke cewa kafin in shiga faɗan nan.

Direban_Agadas: Ki tambayi mai gadin layinku mana, ai ya fi intanet sani. Ki kai masa sukari da ganyen shayi. Sai dai ki shirya zama, don ba a shan kofi ɗaya a tashi.

Sadiq_ZooRoad: Faifansu na CD suna zuwa da ɗan littafi mai fassarar Turanci da Faransanci. Ina da na Tassili a situdiyo, zan ɗauki hotonsa in turo nan in na shiga gobe. Nura, kai kuma ka turo min na Mdou Moctar na 2021 ɗin nan, nawa ya goge da na canja waya.